Ladan Kitso Mataccen Batir

Takardar tambayoyi ɗari biyu da goma Rahamatu Mode ta cike da hannunta, gida-gida, daga Bodinga zuwa Danchadi, daga Shagari zuwa Dandin Mahe, kuma duk cikinsu babu wadda ta gaya mata komai. Kina jin rediyo? A'a. Wace talla kike tunawa? Ban sani ba. Sabulu nawa kike saye a wata? Sai wanda mai gida ya kawo. Kai ka ce mace ɗaya ce ta amsa su duka, tana sauya zane daga wannan gida zuwa wancan.

Rahamatu 'yar Bodinga ce. A shekarar 1982 jami'a ta ɗauke ta ƙaramar malama a sashen koyar da aikin jarida da sadarwa, ita kaɗai mace a cikin maza goma sha ɗaya, bisa sharaɗin ta kammala digiri na biyu. Abin da ta zaɓa ta bincika shi ne tallan rediyo da matan da ke cikin gidaje: me suke ji, me suke saye, wa ke yanke shawarar sayen. Lokacin da ta zaɓi batun, siyasa na kan ganiyarta, rediyo kuwa ba ya shan iska. Daga tallan jam'iyya sai na sabulun ƙamshi, daga madarar gwangwani sai dunƙulen miya. Kafin a gama sa wa takardunta hannu daga wannan ofis zuwa wancan, an shiga tsuke bakin aljihu, kayan sun ɓace daga kanti, talla kawai ta rage tana ta waƙarta. Kafin ta fita ƙauye kuma soja sun karɓi mulki.

Dakta Surajo, shugaban sashe kuma mai duba aikinta, ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya har ya gaji. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne da ya yi karatu a ƙasashen waje har karatun ya tsaya masa a ido, ba ya ganin abu sai an buga shi a littafi.

"Malama Rahamatu," ya ce, "takardunki sun faɗi abin da kowa ya sani. Rediyo na maza ne, saye na maza ne. Matan ƙauye ba sa cikin lissafin masu talla, kuma ga shi kin tabbatar da hujjarsu. Wannan shafi biyu ne, ba kundin digiri ba."

"Ranka ya daɗe, ni na san ba haka abin yake ba."

"Kin sani, ko kina so ya zama haka?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Bari in gaya miki gaskiya. An umarce mu mu rage ma'aikata. Nan da mako shida kwamiti zai zauna, da farfesa baƙo daga wata jami'a. Duk ƙaramin malamin da ba shi da abin nunawa, sunansa zai hau takardar sallama. Ba zan iya kare ki da wannan ba."

Ta kwashi takardunta ta fito. Tsoro ta ji, tsoro sosai. Aikin nan shi ne abin da ta yi shekara goma sha bakwai tana karatu dominsa, kuma ta san in aka sallame ta ba za a ce Rahamatu ta kasa ba, cewa za a yi an gwada mace an gani.

Ba ta iya zuwa Bodinga ta haɗa ido da mahaifinta ba. Motar da ta shiga ta wuce garin tana kallon kasuwa ta taga, ta sauka a Shagari, ta nemi mai babur ya kai ta Dandin Mahe wurin ƙanwar mahaifinta, Goggo Kulu.

Goggo Kulu tsohuwa ce mai bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Ta ba ta fura, ta bar ta ta sha, sannan ta ce, "To, mi ya hwaru? Kin yi jugum kamar wadda anka yi wa rasuwa."

Rahamatu ta kwashe labari ta gaya mata. Goggo ta saurara tana gyaran ƙuli-ƙuli a faranti. Da aka zo kan takardun, sai ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki.

"Ke ɗiyag ga! Ashe boko na rage wayo? Kin shigo muna gida da takarda da biro, kina tambaya sabulu nawa, madara nawa, a watan da soja ke hwasa shaguna suna neman masu ɓoye kaya. Kin tsaya zaure kin nemi iznin mai gida, ya rako ki ya tsaya bakin ƙohwa. Mi kike so a ce maki? Ni kaina da kiz zo, ƙarya na shara maki."

"Goggo! Ke ma?"

"Ni ma. Ke ɗiyar yayana ta, amma takarda ba ɗiyar kowa ba ta."

Kunya ta rufe Rahamatu. Ita da aka haifa a irin wannan tsakar gida, ita ce ta shigo da tambayoyin da aka tsara wa wasu mutane a wata ƙasa, ta karanta su kamar mai karɓar haraji. Tana cikin wannan tunani idonta ya faɗa kan rufin ɗakin girki. Faifai ne a rana, a kansa batura takwas a jere kamar an shanya kuɓewa. Huɗu an ɗaure su da jan zare, biyu da baƙi, biyu an ɗiga musu shuni.

"Goggo, waɗancan fa?"

"Batura na, ba ki gani? In sun sha rana suna ƙara ƙarhi, su kai mu la'asar. In sun sake rauni a ɗan cije su, ko a bubbuga da dutsi."

"Zaren fa?"

"Jan nawa na. Baƙin na Sahinatu matar ɗana, shunin na maƙwabciyarmu, rufinta ba ya samun rana. In ba a yi alama ba ai sai a yi hwaɗa."

"Amma rediyon gidan nan yana wurin mai gidanki, Kawu, a majalisa. Na rubuta shi, rediyo ɗaya."

Goggo ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga murfin wata babbar kwalla a cikin jeren kwanoninta, ta fito da ƙaramin rediyo a naɗe cikin ɗankwali. Tsarabar Makka ce tun shekarun da kuɗi ke yawo. "Kin tambayi na gida," ta ce, "anka hwaɗa maki na gida. Wanga na ɗaki na. Kayan ɗakin mace kuwa ba a tambayar miji."

Rahamatu ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ta leƙa ta kan katanga. Gidan da ke dama akwai batura a kan murfin tukunya. Na hagu akwai su a kan turmin da aka kifa. Wata uku tana shiga gidajen nan tana tsallake amsarta a bakin ƙofa, idonta na kan takarda.

Sani dai ta sani yanzu, amma kwamiti ba ya cin "na sani". In ta koma da biro, za a sake rufe mata baki. Goggo ce ta kawo dabara, ita ma cikin zolaya. Ta dubi kan Rahamatu ta ce, "Wa ya yi maki kitson ga?" Rahamatu ta ce ita ta yi wa kanta, da madubi biyu. Tun tana 'yar makarantar kwana hannunta ya faɗa, har 'yan ajin gaba suna layi.

"To ga aikinki nan. Mace in ta ba ki kanta, awa biyu ba ta tashi, kuma bakinta ba ya rufuwa. Ki aje biron."

Washegari aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Rahamatu ta sa sharaɗi biyu. Na farko, ba za ta yaudari kowa ba: duk wadda ta zauna sai ta gaya mata cewa hirar nan za ta kai ta jami'a, amma ba da suna ba. Na biyu, ladan kitso ba kwabo ba ne, mataccen batir ɗaya ne, wanda rana da haƙori suka gama da shi, da alamar mai shi a jiki.

Kafin kwana uku labari ya zaga gari cewa 'yar bokon gidan Kulu ta taɓu, tana kitso a bakin mataccen batir. To, in mahaukaci na rabon nama ai ba a tsaya tambayar lafiyarsa. Mata suka yi ta zuwa, waɗanda ba sa fita kuma suka aiko a je. Ta yi shuku, ta yi zane, ta yi kalaba, kai uku a yini, wata rana huɗu. In wadda aka yi wa kitso ta tashi, sai Rahamatu ta zaga bayan rumbu ta rubuta duk abin da ta ji a littafinta, ta zana alamar batir ɗin a saman shafi. Ta yi kwana goma a Dandin Mahe, ta koma Shagari gidan wata ƙawar Goggo, Goggon na biye da ita, daga nan Danchadi, ta ƙare a Bodinga. A mako na uku yatsunta suka kumbura har ba ta iya riƙe cokali, Goggo tana gasa mata su da ruwan zafi da man shanu tana mita, "Kowa ya ci zomo ya ci gudu."

Abin da ta ji kuwa ya fi abin da ta zo nema. Maza suna kunna rediyo don labarai, in talla ta zo su ci gaba da hirarsu. Matan nan akasin haka suke yi: batir ba ya isa, don haka in an fara labarai sai a kashe, a jira gaishe-gaishe da talla. Kuma ba sauraron sha'awa suke yi ba. Wata mata mai suna Laraba a Shagari, mai sabulun salo, ita ta fayyace mata komai tana kwance da kai a cinyarta.

"Kullum suna cewa sabulunsu mai kusurwa huɗu, mai ƙamshi, cikin takarda. Mata sun ji, ransu ya biya, an je kanti babu. Ni kuwa nawa ƙwallo na, baƙi ƙirin. Sai nis sa kahinta ya yi mini akwatin katako, ina zubawa ina yankawa, in ɗiga turare, in naɗe cikin takardar buhun siminti. Wallahi ko kwana ba ya yi. Su suna biyan rediyo, ni ina saida sabulu."

Rahamatu ta tsaya da tsagar da take yi. "Ke nan tallarsu ke yi miki aiki?"

"To wa za ta yi wa? Su ba su da kaya. Ci gaba da kitsonki, kar ki bar mini kai rabi."

A Danchadi ta sami masu daddawa sun daina yin manyan faifai, suna murza ta ƙanana-ƙanana masu kusurwa, saboda rediyo ya koya wa kowa cewa ɗan dunƙule ɗaya ya ishi tukunya. A Bodinga wata amarya ta kwaikwayi muryar mai talla, "Uwargida, ki ce wa mai gida ya sayo miki," tsakar gida ta ɗauki dariya. Wa zai jira mai gida? Da ribar ƙuli-ƙuli da ta fura suke sayen abinsu, ta hannun dillaliya ko ta kan katanga, mai gida ya ga miya ta yi daɗi ya yaba wa kansa.

Ranar zaman kwamiti Rahamatu ta shiga ɗakin taro da ɗaurin shafuka arba'in da ta buga a keken rubutu, da littafinta, da ƙaramin buhu a hannu. Mutum bakwai ne a bayan dogon tebur, farfesa baƙo a tsakiya, dattijo mai furfura da ba ya murmushi. An riga an ga ƙananan malamai uku kafin ita, biyu sun fito ba su kalli kowa ba. Ta fara da kuskurenta. Ta ce takardu ɗari biyu da goma ƙarya ce aka yi mata, kuma ita ta jawo, ta bayyana dalili. Sannan ta faɗi abin da ta gano.

Wani malami a gefe ya yi gyaran murya. "Wato kina so mu jefar da takardun da aka cike bisa ƙa'ida, mu karɓi hirar kitso? Da me za mu san ba a ɗakinki kika zauna kika ƙirƙiro matan nan ba?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ita take jira. Ta kwance bakin buhu ta zazzage shi a kan tebur. Batura ɗari da tara suka watse, suna gangarawa tsakanin kofunan shayi, wasu suka faɗa cinyar manya. Duk sun lotse, da sawun haƙori, wannan da jan zare, wancan da tsumman atamfa, wani da jan farce, wani an karce shi da allura. Ta miƙa wa farfesa littafinta.

"Ranka ya daɗe, kowane ɗaya mace ce. Na yi musu alkawarin ba zan faɗi suna ba, amma alamar kowace tana saman shafinta. Ka ɗauki wanda ka ga dama."

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau. Ya sa hannu ya ɗauko ɗaya mai kore da farin zare a murɗe.

"Danchadi," in ji Rahamatu. "Tana da 'ya'ya biyar, tana daddawa. Rediyonta gadon uwarta ne, murfin batir ya ɓace, da ƙyallen roba take ɗaurewa. Ba ta taɓa ɗanɗana dunƙulen kanti ba, amma ta haddace tallarsa, kuma girmansa take auna nata."

Ya buɗa littafi yana neman alamar. Ya samu, ya karanta. Ya ɗauki wani. Ta faɗa. Ya ɗauki na uku, na huɗu, har na bakwai, yana tonowa daga ƙasan tari kamar mai zaɓen goro. Yaya za ta manta? Kowace ta yi awa biyu a cinyarta, ta san inda gashinta ya karye da inda take jin zafi. A na bakwai malamin da ya yi tambaya ya daina rubutu ya jingina da kujera.

Dakta Surajo ma yana cikin 'yan kwamitin, a ƙarshen tebur. Wani batir ne ya gangaro gabansa, yana ta juya shi a hannu, yana shafa sawun haƙorin da babban yatsa. Can ya ce, ba da Turancin taro ba, da harshen garinsu, "Innata haka take yi. Kan danga take shanya nata, a Kajiji. Duk zuwan da nike ina ganinsu, ban taɓa tambaya ba." Ya ɗago ya dubi farfesa. "Ni na ce mata aikin nan shafi biyu ne. A rubuta cewa na yi kuskure."

Sai wani ya ce tasa kakar a cikin hula take ajiye su. Wani ya ce matarsa ma, ya yi shiru da ya tuna inda yake. Manyan malamai bakwai, kowa ya tashi yana tsallake abin nan tun yana yaro, sai da mai kitso ta zuba musu shi a tebur.

Farfesa ya rufe littafin ya miƙa mata da hannu biyu. "Malama, shekara ashirin ina koyar da cewa talla tana sayar da kayan mai talla. Yau kin nuna mini inda take sayar da kayan wani. Wannan ba ƙarshen digiri na biyu kaɗai ba ne, farkon na uku ne. Wanda ya sallame ki, ya turo mini ke."

Ba a sallame ta ba. Da takardar sallama ta fito a allon sanarwa bayan kwana huɗu, ta bi ta da yatsa sau biyu daga sama har ƙasa, sannan ta koma ofis ta rufe ƙofa ta yi kukan da take riƙewa tun mako shida. Da ta share ido ta tarar da wata takarda a kan teburinta, da sa hannun Dakta Surajo: daga zango mai zuwa ita za ta koyar da ɗalibai dabarun bincike.

Ranar Juma'a ta sauka a Dandin Mahe da turmin atamfa a jaka. Kafin ta gama sallama tsakar gida ta cika, har Laraba ta zo daga Shagari kawo sabulu ta tarar da taron. Rahamatu ta ba su labari tun daga zazzage buhu har zuwa maganar farfesa, ana guɗa, ana tafa hannu. Goggo Kulu kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta shafa atamfar, ta ɗaga ta a rana, ta ninke.

"Tsaya in gane," ta ce. "Kin tai kin hwaɗa ma manyan malamai abin da kowace mace ta garin ga ta sani tun tana goyo."

"Haka ne, Goggo."

"Sunka yi mamaki."

"Ƙwarai kuwa."

"Kuma a kan haka za su ci gaba da biyanki albashi, har su ba ki ɗiyan mutane ki koya masu."

"Har in tsufa, in Allah ya so."

Goggo ta jinjina kai, ta dubi matan da ke zaune. "To ku matso," ta ce. "Ashe akwai sauran abin da ba su sani ba da yawa. Ke kuma ɗauko biron naki, yau mun yarda."